Buhun Gyaɗar da Ya Ƙi Ƙarewa

Shekara uku cur na yi ban taɓa kashe babur ɗina da rana ba. Kada wani ya ce ƙari na yi, a je Karaye a tambaya. Babur ɗin yana da wata muguwar ɗabi'a: in ya mutu ba ya tashi da kik, sai an tura shi, an sake turawa, har mai turawa ya fara zagin wanda ya ƙera shi. Kai shi wajen bakanike kuwa yana buƙatar in zauna in jira, ni kuma a wancan lokacin zama ba ya cikin abubuwan da na iya. Da sassafe sai in sake shi a gangaren ƙofar gidana ya tashi, shi ke nan, ba zai ƙara yin shiru ba sai na dawo kwana.

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa. A kira ni Kwanyawa, ina tsakiyar zaro sanduna a kira daga Yammedi, kafin in isa can a ce na wani ƙauye a ƙasar Rogo ya ƙafe kuma gobe suna da suna. Wayoyina biyu, kowacce da aljihunta. Kuma in faɗi gaskiya, abin yana yi mini daɗi. Ina son in shigo gari in ji mata suna cewa ga mai famfo nan ya iso, yara suna bin ƙurar babur da bokitai. Har cikin raina na ɗauka in na zauna na wuni ɗaya, ƙananan hukumomi biyu za su mutu da ƙishirwa.

Abinci a kan tankin babur nake ci, matata ta miƙo kwano a ƙofar gida ta tsaya ta karɓi abinta. Salla ma haka. In jingine babur a bakin masallaci yana ta tuttu a silo, in yi alwala, in shiga in fito tun ruwan bai bushe a gemuna ba. Wata rana wani tsohon limami a Yammedi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, sallar ka yi, ko leƙowa ka yi ka ga ko masallacin yana nan?"

Na ce, "Allah gafarta malam, jirana ake yi."

Ya ce, "Ai kowa ma jiransa ake yi," ya nuna wajen maƙabarta da carbinsa. Ban tsaya na fahimta ba, don a lokacin waya ta biyu ce ke ƙara.

Mahaifiyata tana zaune a wani ƙauye kusa da Jajaye, a gidan da aka haife mu. Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ce, masu alkunya ta gaske. Tunda na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona, in za ta yi zancena sai ta ce "wancan" ko "mai babur." Ƙannena za su iya zama su yi ta shirme da ita har da dariya, ni kuwa tsakanina da ita gaisuwa ce. Ita kaɗai ce igiyar, ita ɗin ma na mayar da ita abin da na mayar.

Duk Juma'a nakan bi ta gidan. In cusa ƙafar babur ta gaba cikin soro, in kafa ƙafata ɗaya a ƙasa, in leƙa tsakar gida in ɗaga murya: "Inna ina wuni ya gida ya zafi lafiya lau madalla sai na dawo!" Numfashi ɗaya, ni na gaishe ta, ni na amsa wa kaina. In rataye ledar goro da sabulu a ƙusar bango, in ja da baya in ba wuta. A ganina na sauke haƙƙi, har ma ina jin haushin masu wata guda ba su je gida ba.

Ranar da abin ya ƙare mini wata Juma'a ce da bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan sirdi. Na yi karatuna na kullum, sai na ji babu ko "uhm" ɗin da ta saba jefo mini. Na leƙa. Tana zaune a tabarma a inuwar darbejiya, gefenta jar akuyarta tana tuƙa. Na sake gaisuwa. Sai ta juya ta dubi akuyar ta ce, "Ke, kin ji wani abu? Ni dai ƙarar inji na ji. Inji kuwa ba a amsa masa gaisuwa."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa ne. Na sauka, na bar babur yana ta aikinsa a soro, na je na tsuguna na gaishe ta yadda ake yi. Shiru. Na sake. Ta ɗauki goro ta ɓantara. Nan gabana ya faɗi. Ni mutum ne mai saurin fushi, na yi faɗa da dagatai a kan famfo, amma uwa ta ƙi amsa gaisuwarka ba abin fushi ba ne, abin tsoro ne. 

"Gaya wa mai babur," in ji Inna, har yanzu da akuya take magana, "ga buhun irin gyaɗata can a ɗaki. Damina ta matso, hannuna kuma ya daina ɓara. Ranar da ya ɓare shi tas, da hannunsa, a kan tabarmar nan, ranar zan ji gaisuwarsa."

Na ce, "Haba Inna, wannan ai mai sauƙi ne. In ɗora shi a babur in kai inji a Karaye, kafin la'asar..."

"Ji mini jahilci," ta ce wa akuya. "Iri a inji!"

Kuma ta fi ni gaskiya, ni ma ɗan manoma ne. Gyaɗar ci ko ta mai, a kai ta inji ba laifi. Amma ta shuka sai hannu, don inji yana fasa ƙwaya, ya sale mata 'yar jar rigar nan, in ta shiga ƙasa sai ta ruɓe maimakon ta tsiro. Na leƙa ɗakin na ga buhun a tsaye a lungu, ƙato, an cika shi an danna. Na koma soro na murɗa makulli. Shirun da ya biyo baya har firgita ni ya yi. Na ji kurciya tana kuka a kan darbejiya, na ji wata tana daka can bayan gida, na ji cikina yana ƙugi.

Na zauna na fara ɓara da zafin nama. A lissafina Juma'a uku ta ishe ni. Ina matsa, ina fasawa, rabi yana tsallewa cikin ƙasa. Duk wadda na fasa sai Inna ta tsince ta miƙa wa akuya ta ce, "Ci, ladan gaggawa ne." Wayoyina suka dame mu da kuka, wannan ta yi shiru waccan ta ɗauka. Inna ta miƙo hannu, na ba ta, ta tashi ta kai su akurki ta rufe. Ta dawo tana gaya wa akuya cewa duk abin da ya cika kuka da rana can ne wurinsa. Kafin magariba manyan yatsuna biyu sun yi kanta sun fashe, buhu kuwa ko a jikinsa. Da zan tafi dattawa biyu na majalisar ƙofar gida ne suka tura mini babur, ɗaya hularsa ta faɗi, ɗaya ya bi ni da addu'ar da ban tabbata ta alheri ba ce.

Juma'a ta biyu shaiɗan ya ba ni shawara, na kuma karɓa da hannu biyu. Da Inna ta zaga yin alwala, na zazzage jakar kayan gyarana na cika ta da gyaɗa. Na kai inji a Karaye, kafin in gama gaisawa da mai injin har an gama. Juma'a ta uku na zo da ita a ɓoye, na cakuɗa da wadda na ɓare, na zauna ina fito kamar mutumin kirki.

Inna ta jawo masakin da nake zuba ɓararriyar, ta tura hannu ciki, ta ɗebo ta kai hanci. Ta ce, "Ke, yaushe gyaɗata ta fara warin giris?" Akuya ta dube ni. Wallahi ta dube ni. Daga nan Inna ta ɗauko faifai ta shiga tsince ta inji ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko ƙwaya guda ba, ni kuma ina zaune ina kallo tun azahar har la'asar, ba halin tashi. Da ta gama ta shiga rumbu ta ɗebo masaki biyu ta juye a buhu, ɗaya madadin wadda na lalata, ɗaya kuma, in ji ta, don akuya ta shaida ramin ƙarya ƙurarre ne. Da gemuna, da 'ya'ya uku, aka yi mini wannan.

Daga ranar na saduda. Na ƙara da Talata don in gama da wuri, na sanar da ƙauyuka cewa duk famfon da ya lalace Talata ko Juma'a ya yi haƙuri. Na zauna ina jiran labarin mutanen da ƙishirwa ta kashe. Ba wanda ya mutu. Mutanen Kwanyawa ma suka gano akwai wani a cikinsu da ya iya canza roba, suka daina kirana a kan ƙananan abubuwa. Wannan ya ƙona mini rai fiye da kantar hannuna, kwana biyu ina huci ni kaɗai.

Tunda dai zaman ya kama ni, wata rana na kai babur wajen bakanike. Ya cire fulogi, ya duba, ya sa sabo, ya buga kik sau ɗaya ya tashi. Ko rabin kofin shayin da na saya ban sha ba. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce shi ke nan. Shekara uku! Na biya shi, amma na ce kada ya gaya wa kowa, shi ya sa kafin sati duk Karaye ta sani. Da yake kuma babur ɗin ya saba da sangarci, in ya ga dama har gobe yakan ƙi tashi.

Sauran abubuwan a hankali suka zo, ban ma lura ba. Limamin ƙauyen Inna mutum ne da in ya yi sujada sai ka ɗauka ya manta da mu. Da farko nakan gama tasbihi, in sake, in fara tunanin wane bututu ne ya tsage a Yammedi. Sai wata la'asar ya ɗago ni ban gama roƙon da nake yi ba, har na ji haushinsa don ya yi sauri. Wata Talata kuma barci ya sace ni a tabarma da gyaɗa a hannu, irin barcin da rabona da shi tun ina makarantar allo. Na farka na tarar an lulluɓe mini ƙafa da zane saboda ƙuda. Na dubi Inna, ta ce wa bango akuyar nan ta cika shisshigi.

Matata ta ce tunda zama ya samu a tafi da su. Muka riƙa zuwa dukanmu a kan babur, ita da yara uku da ni, kamar kayan koli. Yaran abin da suke ci ya fi wanda suke ɓarawa. Wata rana matata ta ƙura mini ido ta ce, "Au, ashe furfura gare ka?" Na ce ta daɗe mana. Ta ce, "To ina ka tsaya balle a gani?"

Inna kuwa har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba. Kullum in na zo sai in tsuguna in gaishe ta, ta yi shiru, in ja faifai in zauna. Amma in ɓara ta yi nisa sai ta fara ba akuya labari. Labarin shekarar da gyaɗa ta yi kyau har aka rasa wajen shanya. Labarin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da yadda jaki ya kayar da shi ranar da ya je gaisuwar surukai. Da labarin wani jariri da aka haifa a ɗakin can, wanda tun a ciki sauri yake yi, ko ungozoma bai jira ba. Na san jaririn. Na sunkuyar da kai ina ɓara, ba na so ta daina.

Sai dai ni mutum ne mai auna zurfin rijiya, idona ba ya yi mini ƙarya. Sati biyar, sati shida, buhun nan yana nan inda yake. Na ɗauki gawayi na ja layi a jikinsa daidai inda gyaɗa ta tsaya. Da na dawo ranar Juma'a sai na tarar ta haura layin da kamu guda. Na ce ko aljanu ne, na yi a'uziyya. Na sake jan layi. Talata ta sake haurawa.

Asirin ya tonu ne a hanya. Wata Alhamis aiki ya kai ni kusa, na ce bari in leƙa ba ranar zuwana ba. Daf da gari na haɗu da wata tsohuwa maƙwabciyar Inna da ƙwarya a ka. Na kashe babur don in gaishe ta, don yanzu na koyi hankali. Ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka! Irina na bana ko ƙwaya ɗaya ba ta fashe ba. Na gidan liman ma da ka ɓare sai yabawa ake yi. Yanzu na kai na ƙanwata, ka yi mata a hankali."

Ashe duk irin unguwar nake ɓarewa! Ni da ake jira a ƙananan hukumomi biyu, an mayar da ni injin mata! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na buga kik, babur ya zaɓi ranar ya ƙi tashi. Na tura shi da ƙafa ina shirya maganganun da zan faɗa, masu ladabi amma masu zafi. Da yake ba ƙara, ba wanda ya ji shigowata. Na jingine shi a soro na nufi ɗakin.

Ta bakin labule na hango ta. Ta rungumo ƙwarya da kyar, bayanta a ranƙwafe, tana juye gyaɗa a buhu a hankali don kada ta zube. Akuyar ta biyo ta tana jan bakin zaninta.

"Ke dai ki riƙe bakinki," in ji Inna. "In ya ƙare zai gaishe ni, in amsa, ya hau abinsa ya tafi. Shekara nawa rabon da in ga yana cin tuwo a zaune?"

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na koma da baya a kan yatsun ƙafa, na zauna a dakalin soro kusa da babur. Ba zan ɓoye ba, kuka na yi, na kunya da na tausayi a haɗe. Da na share fuska na tashi na rafka sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso. Ranar na goge layukan gawayin da hannun rigata.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka. Kowa ya kwashe irinsa ya shuka, na Inna ma ƙanina ya zo ya ɗiba tun ruwan farko. Ba sauran mai kawo gyaɗa. Buhu ya fara sauka da gaske, kullum sai ya ƙara lanƙwashewa a lungu. Inna ta rage labari. Tun rana da sauranta sai ta ce wa akuya a bar na yau haka, hannu ba ƙarfe ba ne. Na duba wata Talata na ga abin da ya rage bai fi kwano biyu ba. Zama ɗaya zai cinye shi.

Za ku ce me ya hana in ce mata kawai, Inna zan ci gaba da zuwa? Irin wannan maganar ba ta shiga tsakanin ɗan fari da uwarsa, nauyi gare ta. Kuma ko na faɗa, da wane baki? Mutumin da ya shekara uku yana cewa "sai na dawo" daga kan sirdi.

Sai na bi ta kasuwar Rogo na auno gyaɗa mai ɓawo rabin buhu. Ranar Juma'a na kashe babur tun daga bakin gari, na turo shi, na laɓe a soro har na ga ta ta da sallar azahar a rumfa. Na saɓo kayana na lallaɓa cikin ɗaki. Na kwance bakin buhunta ke nan, na ɗaga nawa zan juye, sai 'yar banzar akuyar nan ta biyo ni ta kama gindin buhun ta ja. Ya yage. Gyaɗa ta watse har ƙarƙashin gado, akuya ta saki kuka kamar an kama ɓarawo, kuma ɓarawon aka kama. Ina durƙushe ina tattarawa da hannu bibbiyu na ga inuwa ta rufe ƙofa.

Inna ce, da carbi a hannu. Ta dubi buhunta, ta dubi yagaggen nawa, ta sunkuya ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza.

"Gaya wa wancan," ta ce wa akuya, "wannan gyaɗar kasuwa ce, ba ta yin iri. Kuma damina ta yi nisa, wa zai shuka ta?"

Na rasa inda zan sa kaina. Sai ni ma na juya na dubi akuyar na ce, "Ke, gaya wa Inna ni ma na sani."

Ta ja bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko dariya ce kaɗai ba, ban kuma ɗaga kai na bincika ba. Ta juya ta fita, ta zauna a tabarmarta a gindin darbejiya. Na bi ta na tsuguna.

Na ce, "Inna, ina wuni."

Ta ce, "Lafiya lau."

Ba da akuya take ba. Ta tambaye ni hanya, na ce lafiya. Ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta tambayi mai ɗakina, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya, har famfon Yammedi sai da ta tambaya. Ƙafafuna suka sage a tsugune, ban motsa ba, ina ta amsawa. Da ta ƙare sai ta karkata kunne wajen soro.

Ta ce, "Ka kashe abin naka?"

Na ce, "Na kashe, Inna."

Ta ce, "To miƙo faifan."